Tseren Keken Liyej: Tafiya Da Komowa

Ko wane matafiyi ya sani, fita daga gida da sassafe ba ta da wuya, gama jiki yana da sauran ƙarfi, rana kuwa ba ta yi zafi ba tukuna. Komowa da yamma ita ke nuna wanda ya iya tafiya. A kan wannan magana za mu ba ku tarihin wani tseren keke da a ke yi a ƙasar Baljiyam sau ɗaya a shekara, tun fiye da shekara 130 da suka wuce. A kan tashi daga wani birni, a je wani gari, a komo inda aka tashi, duk cikin wuni guda. Tun ran da aka fara shi har yau ba a taɓa cinsa a kan hanyar tafiya ba, kullum sai a hanyar komowa.

Ƙasar da hanyarta

Baljiyam ƙaramar ƙasa ce a Turai, tana maƙwabtaka da Faransa da Jamus da Holan. Arewacinta fili ne shimfiɗaɗɗe, mutanen wurin suna magana da harshe irin na Holan. Kudancinta kuwa masu jin Faransanci ne, kuma can ne a ke da wani yanki mai kurmi da tuddai da kwaruruka wanda a ke kira Arden. A bakin wannan yanki akwai wani babban birni a gaɓar kogi, ana rubuta sunansa Liège, amma a baki Liyej a ke faɗi. A zamanin da, birni ne na masu haƙar kwal da manyan maƙerun ƙarfe. Kudu da shi, kusa da iyakar ƙasar Luksambur, akwai wani ɗan gari da a ke rubuta Bastogne, a ce Baston. Sunan tseren ke nan, Liyej zuwa Baston zuwa Liyej.

Tsawon hanyar ya kan kai kilomita 250 zuwa 260 a ma'aunin mutanen can, watau wajen mil 160, ya ɗara nisan Kano zuwa Kaduna. Amma ba a raba ta biyu daidai ba. Zuwa Baston a kan bi hanya miƙaƙƙiya, wajen mil 60. Komowa kuwa sai a karkata, a yi ta shiga kwari ana fita, a hau wannan tudu a gangara a hau wancan, har wajen mil 100. Babu wani tudu a duk Baljiyam da ya kai ƙafa 2,300, saboda haka kada mai karatu ya zaci manyan duwatsu a ke hawa. Tuddan gajeru ne, yawancinsu ba su fi mil ɗaya ko biyu ba, sai dai suna da tsaye, ga su kuma bi da bi. In aka tattara dukan hawan da mai keke zai yi a wunin, ya fi ƙafa 13,000. Ba tudu ɗaya ke ka da mutum ba, taron su ne.

A kan yi tseren ran Lahadi a ƙarshen watan Afrilu, lokacin da sanyin Turai bai gama janyewa ba. Wata shekara a sami rana mai daɗi, wata a sha ruwa, wata kuwa dusar ƙanƙara ta zubo. Cikin tseren keke na wuni guda akwai biyar da Turawa suka fi girmamawa, biyu a Italiya, ɗaya a Faransa, biyu a Baljiyam. Wannan shi ya girme su duka, don haka masu jin Faransanci suka yi masa laƙabi La Doyenne, watau wadda ta riga kowa zuwa gidan. Da Hausa sai mu ce Uwargida.

Yadda tseren ya ke

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu bayyana yadda a ke tseren, don abin da zai biyo baya ya fita sarai. Babban abokin gāban mai keke a fili iska ce. Wanda ke gaba shi ke keta ta, na bayansa kuwa ya sami mafaka, har ya kan rage kusan sulusin wahalarsa. Saboda haka masu tsere su kan tafi a dunƙule kamar ayari, kowa yana fakewa da wani. Ko da ya ke mutum ɗaya ne zai ci, ƙungiya ƙungiya a ke shiga, a zamanin nan mutum bakwai bakwai. Ko wace ƙungiya tana da madugunta, sauran shidan yaransa ne. Su ke tare masa iska, su ɗauko masa ruwa da abinci daga motar ƙungiya, in tayarsa ta yi faci wani ya ba shi tasa, in wani ya ɓalle daga ayari su kora shi. Yawancinsu ƙarfinsu ya kan ƙare tun ba a ga birnin ba, washegari kuwa sunan madugu kaɗai za a buga a jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma a kan tudu wannan mafaka ba ta da amfani sosai, gama gudu ya ragu, abin da ya rage sai nauyin mutum da na kekensa da ƙarfin ƙafarsa. Nan ne ayari ke tsinkewa. Shi ya sa mai ƙiba da ƙarfin gudun fili ba ya cin wannan tsere, sai siriri mai dogon numfashi, wanda ya san inda zai tanadi ƙarfinsa da inda zai kashe shi.

Mafari

A 1885 wani Ingilishi, John Kemp Starley, ya fito da keke irin wanda muka sani yanzu, mai ƙafa biyu kusan daidai da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya ƙago tayar da a ke hura wa iska. Da waɗannan abubuwa biyu suka haɗu, sai keke ya zama abin tafiya mai nisa, samari kuwa suka fara gardamar wa ya fi wani.

A 1892 ƙungiyoyin masu keke na Liyej suka shirya tseren fari. A wannan karo daga garin Spa aka tashi, aka je Baston aka komo, mil 155. Dalilin zaɓen Baston ba wani abu ba ne illa jirgin ƙasa. Alƙalan tseren suna bukatar wurin da za su shiga jirgi su riga masu keke isa, su tabbatar kowa ya zo ya juya, tashar Baston kuwa ta dace da haka. Mutum 33 suka tashi, duk masu yi don sha'awa ne, ba don kuɗi ba. Hanya ba kwalta, keke mai nauyi, ba giyar da za a sauya in an zo tudu. Waɗansu da suka isa Baston suka dubi abin da ya rage, sai suka hau jirgi suka koma gida. Mutum 17 suka gama.

Wanda ya ci wani ɗan Liyej ne, sunansa Léon Houa. Ya yi awa 10 da minti 48 a kan keke, na biyu ya iso minti 22 bayansa, sauran kuwa aka yi ta jiransu awa bayan awa. Houa ya sake ci a 1893. A 1894 aka buɗe tseren ga waɗanda suka mai da hawan keke sana'arsu, ya kuma ci na uku. Cikin waɗanda ya ka da a wannan shekara har da Maurice Garin, wanda ya zo na huɗu, shi ne kuwa daga baya ya ci tseren kewaya Faransa na fari a 1903. Houa ya bar keke ya koma ga mota, a hatsarin mota kuma ya rasu a 1918.

Daga 1894 aka daina tseren har 1908, sa'an nan aka farfaɗo da shi, aka mai da tashi da sauka Liyej. Wani Bafaranse, André Trousselier, ya ci a wannan shekara. Dokokin zamanin masu tsanani ne ƙwarai. A 1909 Eugène Charlier ne ya riga kowa isowa, amma da alƙalai suka gane ya sauya keke a hanya, sai suka ƙwace nasarar suka ba Victor Fastre. A ganinsu keken da ya fita da mutum shi zai komo da shi.

Yaƙi biyu

Hanyar da a ke tseren a kanta hanyar mayaƙa ce tun da. A watan Agusta na 1914 Liyej ne birnin da sojan Jamus suka fara faɗa wa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a kuwa sake tsere ba sai 1919. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sake tsayawa daga 1940, aka yi sau ɗaya a 1943, aka kuma tsaya a 1944. A watan Disamba na 1944 Jamus ta yi yunƙurinta na ƙarshe a yamma, ta ɓullo ta kurmin Arden cikin tsananin sanyi, ta kewaye sojan Amurka a Baston wajen mako guda kafin gudummawa ta iso musu. Garin ya rushe, ƙauyukan da ke kan hanyar tseren da yawa sun ƙone, dubban mutane sun hallaka. Duk da haka a 1945 aka sake jera kekuna a Liyej aka nufi Baston.

Bayan yaƙi sunan tseren ya fara fita waje. A da kusan 'yan Baljiyam kaɗai ke cinsa, amma a 1951 da 1952 wani mutumin Suwizalan, Ferdi Kübler, ya zo ya ci sau biyu a jere, daga nan manyan Faransa da Italiya suka riƙa zuwa. A 1957 aka yi wata shari'a da ba a taɓa yin irinta ba. An yi tseren cikin sanyi da ƙanƙara, Germain Derycke ya iso shi kaɗai, wajen minti uku gaban na biyu. Sai aka kawo ƙara cewa ya ƙetare hanyar jirgin ƙasa alhali an rufe ƙofa, abin da doka ta hana. Alƙalai suka duba suka ga laifi ya tabbata, amma ratar da ya bayar ta fi abin da ya samu da ƙetarewar. Sai suka raba gardama, suka ce shi da na biyun, Frans Schoubben, duka sun ci. Har yau sunaye biyu ne a rubuce a gaban wannan shekara.

Zamanin Merckx

A tarihin hawan keke babu wanda ya kai wani ɗan Baljiyam, Eddy Merckx, yawan nasara. Don tsabar rashin barin ko da ƙaramin tsere ga wani, aka yi masa laƙabi da Mai Cin Mutane. Ya ci tseren Liyej sau biyar, a 1969, 1971, 1972, 1973 da 1975.

A hanyar komowa akwai wani tudu a gefen garin Stavelot, sunansa Stockeu. Bai kai mil ɗaya ba, amma in ka yi taku 100 gaba ka hau sama taku 12. Nan Merckx ya ɓalle a 1969, saura mil 61, yaronsa Victor Van Schil yana biye da shi. Su biyu suka shiga Liyej tare, wajen minti takwas gaban kowa, madugu na ɗaya, yaronsa na biyu. Yanzu an kafa dutsen tunawa da Merckx a bisa wannan tudu.

Amma tseren 1971 ya fi koyar da darasi. Ran nan ana sanyi da ƙanƙara. Merckx ya ɓalle shi kaɗai saura mil 57, ya ba da rata har ta kai minti biyar, 'yan kallo suka ce magana ta ƙare. Ashe ya kashe ƙarfinsa da wuri. Da aka kusa birni sai ƙafa ta ƙi, ratar ta yi ta narkewa, har wani saurayi, Georges Pintens, ya cim masa. Merckx bai yi gardama ba, ya maƙale a bayansa yana fakewa daga iska, yana tara ɗan abin da ya rage masa. Pintens ya yi ta ƙoƙarin yar da shi ya kasa. Da suka ga layin ƙarewa sai Merckx ya fito daga bayansa ya wuce. Garaje ya kusa ka da wanda ya fi kowa ƙarfi, haƙuri ne ya cece shi.

Ranar ƙanƙara

In aka tambayi tsofaffin 'yan kallo wace shekara ba za su manta ba, sai su ce 1980. Ran 20 ga Afrilu mutum 174 suka tashi daga Liyej. Ba su yi nisa ba dusar ƙanƙara ta fara zuba, iska tana watsa musu ita a fuska har ba su ganin gabansu. Wanda bai san irin wannan sanyi ba, ya tuna da asubar hunturu mafi tsanani, sa'an nan ya ƙara da jiƙaƙƙiyar riga da gudun keke cikin iska. Yatsu su kan sandare har mutum ya kasa matse birki. Masu tsere suka riƙa sauka, waɗansu suka faɗa gidajen shan shayi, waɗansu suka ƙwanƙwasa ƙofofin mutane suna neman wuta. Kafin a kai Baston fiye da rabi sun bari.

Cikin waɗanda suka rage akwai wani Bafaranse, Bernard Hinault, wanda ya taɓa cin tseren a 1977. Laƙabinsa sunan wata dabba ce 'yar'uwar dage, wadda in ta kama ba ta saki. Shi ma ya yi niyyar sauka, amma ya daure. Da aka zo tuddan da ke kewaye da Stavelot sai ya tuɓe rigar ruwansa, ya dinga taka feda da ƙarfi don jikinsa ya yi ɗumi. Da ya waiwaya ba kowa a bayansa, saura mil 50. Ya yi su shi kaɗai, ya iso Liyej bayan awa bakwai da 'yan mintoci. Na biyu, Hennie Kuiper na Holan, ya iso minti 9 da daƙiƙa 24 bayansa. Cikin 174 mutum 21 kaɗai suka gama. Sai da aka yi makonni kafin yatsu biyu na hannun Hinault su koma motsi sosai, ya kuma sha faɗi daga baya cewa in sanyi ya zo har yanzu su kan tuna masa da ran nan.

Masu kallon juna

Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka shigar da wani tudu cikin hanyar, wanda ya zama shi ne mashahuri duka, sunansa La Redoute. Ma'anar sunan ganuwar yaƙi, gama a nan sojan Faransa da na Ostiriya suka gwabza a 1794. Bai fi mil ɗaya da kwata ba, amma a cikin taku 100 a kan hau 9, a wani wuri har 20, ga shi kuma ana isa gare shi bayan an riga an yi fiye da mil 130. Dubban 'yan kallo su kan kwana a gefensa don su sami wurin tsayawa.

A wannan zamani wani Ba'italiye, Moreno Argentin, ya ci sau huɗu, a 1985, 1986, 1987 da 1991. Ta 1987 ita ce abin ba da labari. Mutum biyu suka ɓalle, Stephen Roche na Ailan da Claude Criquielion, ɗan kudancin Baljiyam wanda ya daɗe yana neman wannan tsere a gaban mutanensa. Suka shigo birni da rata mai kyau, nasara tana hannun ɗayansu. Amma ko wanne ya ji tsoron ya shiga gaba ya tare wa ɗan'uwansa iska, sai suka rage gudu suna kallon juna. Suna cikin haka Argentin, wanda suka bari a baya, ya taso kamar guguwa ya wuce su a 'yan takun ƙarshe. Roche ya ci manyan tsere uku na duniya a wannan shekara, amma bai taɓa cin Liyej ba. Criquielion kuwa ya zo na biyu a 1985 da 1991, na uku a 1987, har ya bar keke bai samu ba.

Tabon da ya hau tarihin

Ba zai kyautu mu ba da tarihin nan mu ɓoye aibinsa ba. A shekarun 1990 da na 2000 wata cuta ta shiga sana'ar hawan keke, watau amfani da magungunan ƙara jini da doka ta hana, don mutum ya sami numfashin da ba nasa ba. Tyler Hamilton na Amurka, wanda ya ci a 2003, ya amsa da bakinsa a 2011 cewa ya yi amfani da su. Alejandro Valverde na Sifen ya ci sau huɗu, a 2006, 2008, 2015 da 2017, amma a tsakiyar waɗannan an dakatar da shi shekara biyu daga 2010 saboda irin wannan laifi. Alexandre Vinokourov na Kazakistan, wanda aka dakatar a 2007 don ƙarin jini, ya komo ya ci a 2010. Aka kuma tuhume shi da sayen wannan nasara da kuɗi daga abokin ɓallewarsa, amma kotun Liyej ta sallame su a 2019 don rashin isasshiyar shaida.

Wanda labarinsa ya fi ban tausayi shi ne Frank Vandenbroucke, ɗan Baljiyam. A 1999 ya faɗa wa 'yan jarida tun kafin tsere inda zai ɓalle, ya kuwa ɓalle a can ya ci, mutanen ƙasarsa suka ce sun sami magajin Merckx. Daga nan rayuwarsa ta rikice da ƙwayoyi da shari'u da rashin lafiya. Ya rasu a Senegal a watan Oktoba na 2009, yana da shekara 34. Tun daga 2008 hukumar tseren keke ta duniya ta riƙa ajiye lissafin jinin ko wane ɗan tsere, ana auna shi lokaci lokaci, don a gane wanda jininsa ya sauya ba bisa ɗabi'a ba.

Zamanin nan

Daga 1992 zuwa 2018 a kan ƙare tseren a bisa wani tudu a Ans, bayan birnin. A 2011 Philippe Gilbert, wanda ya girma a ƙauyen da ke gindin La Redoute, ya ci a nan, bayan ya ka da 'yan'uwa biyu ciki ɗaya daga Luksambur, Fränk da Andy Schleck. A 2019 aka mai da wurin ƙarewa cikin Liyej, a fili.

A 2020 annobar korona ta sa aka ɗage tseren zuwa ran 4 ga Oktoba. Mutum biyar suka iso tare. Julian Alaphilippe na Faransa, wanda ya zama zakaran duniya mako guda kafin nan, ya shiga gaba, ya ga kamar ya ci, sai ya saki kan keke ya ɗaga hannuwa sama yana murna tun bai taka layi ba. Primož Roglič na Sulobeniya kuwa bai daina taka feda ba, ya tura kekensa ta gefensa, tayarsa ta riga shiga da ɗan kaɗan. Bayan haka alƙalai suka mai da Alaphilippe na biyar, don ya tare wa waɗansu hanya. Shi Roglič ɗin nan mako biyu kafin nan aka ƙwace masa tseren kewaya Faransa ana saura kwana ɗaya a gama, saboda haka ya riga ya koya da jikinsa cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Wanda ya ƙwace masa na Faransa ɗin ɗan ƙasarsu ne, Tadej Pogačar. Shi ya ci Liyej a 2021. A 2022 da 2023 Remco Evenepoel ya mai da nasara gida Baljiyam, sau biyu yana isowa shi kaɗai. A 2023 Pogačar ya faɗi a hanya ya karye a wuyan hannu, amma ya warke ya komo, ya ci a 2024 da 2025, duka biyun a kan La Redoute ya ɓalle, saura wajen mil 20. Mata ma an buɗe musu nasu tseren a 2017, suna tashi daga Baston su ƙare a Liyej, watau hanyar komowa kaɗai. Anna van der Breggen ta Holan ta ci biyun fari. A 2025 Kim Le Court ta tsibirin Morishus ta ci, ita ce 'yar Afirka ta fari da ta yi haka.

In muka gwada farko da ƙarshe, za mu ga abubuwa da yawa sun sāke. Houa ya yi kusan awa 11, yana tafiyar mil 14 da rabi a awa. Pogačar a 2025 ya yi kusan wannan nisa cikin awa shida, mil 26 a awa, a kan keke mai giya fiye da ashirin wanda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, doka ma ta hana ya kasa kilo 6.8. Ramukan kwal na Liyej an rufe su, jirgin fasinja da ya sa aka zaɓi Baston ya daina zuwa garin. Amma tuddan suna nan inda su ke, kuma abin da su ke nema ga mutum bai sāke ba. Wanda ya kashe ƙarfinsa da wuri sun kusa ka da shi a 1971, waɗanda suka tsaya kallon juna sun yi hasara a 1987, wanda ya yi murna kafin lokaci ya ji kunya a 2020, waɗanda suka nemi gajeriyar hanya da magani kuwa sunansu ya ɓaci ko da yana rubuce a littafi. Ko wace shekara ayari ya kan isa Baston kusan a cike, kowa da ƙarfinsa, a kewaya a fuskanci arewa. Daga nan ne a ke fara tseren.